Ba Bature Ya Sace Ba, Gara Ce Ta Ci

Duk sanda wani kamfanin Turai ko Amurka ya sake buga tsohon faifan Afirka, sai mutanenmu na Facebook su ɗau zafi: an sace mana al'ada! Ni kam wannan kukan ya ishe ni.

A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa a kaset a Yamai. Rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye, amma duniya ba ta ji shi ba sai 2013, da Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya sake fitar da shi. "Ikon Allah" ta Bala Miller kuwa, kamfanin Strut na Landan ne ya dawo da ita cikin tarin Nigeria 70 a 2001. A tambaye su nawa suke biyan makaɗi ko magadansa, wannan daidai ne. Amma wanda ya tsinci abu a juji ba ɓarawo ba ne.

Bara, bayan rasuwar kawuna a Rogo, muka buɗe akwatinsa. Kaset ne cike, duk da hannunsa ya ɗauka: kalangun biki, kiɗan gayya, kiɗan 'yan dambe, kirarin maroƙa ranar sallah a Karaye. Gara ta cinye takardun da ya rubuta sunaye, zafi ya manne zaren. Waɗanda suka yi saura har an fara ba yara, suna jan zaren a tsakar gida. Babu Baturen da ya shigo gidan nan.

Za a ce ai yanzu komai yana waya. Wane komai? Je ka wurin masu turin waƙa ka gani: an matse sautin har ganga ta koma kamar gwangwani, mai shago ya ɗora muryarsa da lambar wayarsa a kai, sunan fayil kuma "Track 07". Aikina rubuta manhaja ne, na san fayil ɗin da ba shi da sunan mai waƙa, gari da shekara, ɓatacce ne ko da yana cikin wayoyi dubu.

Kuma aikin ba tsada. Rakoda mai lafiya, igiyar haɗi, kwamfuta, manhajar Audacity ta kyauta, a ajiye a WAV, kwafi biyu a wuri biyu. Mai wuyar samu shi ne dattijon da zai zauna gefe ya ce wannan muryar wane ce, bikin wane ne. Masarautar Karaye, wadda Rogo ke ƙarƙashinta, ɗaki guda ya ishe ta ta fara karɓar irin waɗannan akwatuna.

Cikin na kawu tara na ceto. Uku daga ciki na zaga da su Rogo da Karaye, har yau ban sami wanda ya gane mai waƙar ba.