Dubai a Bango, Soron Garinmu a Shafin Ƙarshe

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina cikin ɗaliban da suka shirya mujallar sashenmu na zanen gine-gine. Na miƙa hotunan wani tsohon soro na mahaifata, Kurya Madaro, a ƙasar Ƙauran Namoda, wanda kawuna magini yake sabunta wa yaɓe kowace shekara kafin damina. Da mujallar ta fito, Burj Khalifa ta Dubai ta mamaye bango tun daga sama har ƙasa. Soron kuwa ya samu hoto guda, bai kai tafin hannu ba, a gefen tallar siminti. Haruffan da aka zaɓa ba su da ƙugiya, sai "ginin ƙasa" ya koma "ginin kasa", wato na macijiya.

Da na yi ƙorafi, aka ce tsarin shafi ado ne kawai. Wannan magana ce nake ƙaryatawa. Mai tsara shafi alƙali ne. Abin da ya ba shafi biyu ya ɗaukaka shi, abin da ya tura lungu ya yanke masa hukunci tun kafin a karanta layi ɗaya. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana ganin gilashi a bango da laka a ƙurya, gobe shi zai zana wa Shinkafi da Zurmi gidajen da ba a iya kwana cikinsu a watan Afrilu in babu lantarki.

Ba rashin abin nunawa ya dame mu ba. Masallacin Juma'ar Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 ya ishi mujalla guda da bakan gizonsa kaɗai. Masallacin Yama na Nijar, aikin Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan a 1986, kuma da ƙasa aka gina shi. Ɗaliban Yale na Amurka suna shirya mujallarsu Perspecta tun 1952, ba su taɓa ɗaukar tsarin shafi aikin cike gibi ba.

Za a ce laka na zaizayewa, masu kuɗi kuma gilashi suke so. Gaskiya ne. To wa zai gyara raunin lakar in ba a buga zanenta da awo ba: kaurin bango, jerin tubali, ɗaurin azara, haɗin makuba? Liƙa dagin Arewa a kusurwar bango ba girmamawa ba ne, sallamar maroƙi ce.

Ga editocin bana: ku ba soro cikakken shafi, ku rubuta sunan magini kamar yadda kuke rubuta na injiniya, ku nemo haruffa masu ƙugiya. Kawuna ya tsufa, kuma har yau babu yaron da ya ɗauki sana'arsa.