Wa zai biya kuɗin shirin da ke koya wa yara rabawa?

Tun 1969 shirin Sesame Street na Amurka ke amfani da 'yan tsana wajen koya wa yaran da ba su kai shiga makaranta ba haruffa, ƙirƙirar wasa da kansu, da kuma raba abin hannunsu da abokai. Domin 'ya'yan talakawa aka ƙirƙiro shi.

Yanzu kuɗin da ke riƙe da irin wannan aiki na ƙafewa. A Yulin 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye dala biliyan 1.1 daga hukumar da a lokacin take tallafa wa tashoshin al'umma, waɗanda ke nuna shirin kyauta. Kafin nan, a Mayu, masu shirin sun ƙulla yarjejeniya da Netflix.

Lamarin ya shafe mu. Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011 tare da Kami da Zobi, da tallafin USAID aka yi shi, hukumar da gwamnatin Trump ta rushe. Yaron da iyayensa ba su iya sayen data, talabijin na kyauta ne ajinsa na farko. Ya kamata a tambayi 'yan majalisarmu nawa kasafin NTA ya ware wa shirye-shiryen yara.