Waiwaye: Famfon Mai da Laifin da Ba Nasa Ba

Zamanin da Fijo 504 ke mulkin titunan Kano, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, famfon mai ba ruwansa da lantarki. A jikin inji yake, inji ne ke motsa shi ya zuƙo fetur daga tanki ya miƙa wa kafireta. In mota ta ƙi tashi, makanike ya zare tiyo, ya ce a yi kik, ya ga ko mai zai tsarto. In bai tsarto ba, magana ta ƙare: ko famfo ya mutu, ko tiyo ya toshe. Wani ma baki zai sa ya tsotso ya tofar.

Sai motocin Kwatano masu injekta suka cika gari, Honda da Toyota da Golf. Famfonsu ya koma cikin tanki, ya zama mai aiki da wuta. Mota ta canja, amma hannun masu gyara da yawa yana nan a zamanin Fijo: da an ce mai ba ya zuwa, sai a ce a sayo famfo.

Wani maƙwabcinmu a Gyaɗi-Gyaɗi yana da Honda Accord irin ta farkon shekarun 1990. Da safe kik ɗaya ta tashi. Amma in ya je dubiya Asibitin Malam Aminu Kano a bazara, ya bar ta a rana gilasai a rufe, to ya fito da azahar inji zai yi ta juyawa kamar zai kama, ba zai kama ba. Bayan la'asar kuma ta tashi kamar ba ita ba. Har 'yan majalisa sun fara cewa a nemi tofi. Aka je Ƙofar Ruwa aka sayo famfo, aka biya kuɗin aiki. Da rana ta sake take, motar ta koma halinta.

Wani dattijo mai wayarin a Tarauni ne ya kama bakin zaren, kuma bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa aka bar motar a rana har ta yi gardama, sannan ya ce, "Alhaji, ka murɗa makulli fitilu su kawo, amma kada ka yi kik." Ya buɗe murfin tanki ya kara kunne. A mota mai lafiya za a ji famfo ya yi gurnani na kamar daƙiƙa biyu, ya yi shiru. Nan ko motsi babu. Ya sa yaronsa ya ɗana fitilar gwaji a soket ɗin famfo: wuta ba ta iso ba. Ya duba fiyus, lafiya lau. Sai ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya ciro wani ɗan akwati, wato babban rile, ya ɓalle murfinsa, ya nuna mana bayan allon da ke ciki. A gindin wasu ƙafafu dalmar ta tsage, zobe siriri kamar gashi. In cikin mota ya ɗau zafi ƙarfe ya buɗe, tsagin ya raba wuta. In ya huce ya koma ya haɗe. Ya narka sabuwar dalma a kai, shi ke nan. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wannan ciwo na babban rile sananne ne a Hondar wancan zamani har a Amurka, ba a Kano kaɗai ba.

Abin da dattijon ya riƙe, wanda masu saurin kwance tanki ke tsallakewa, shi ne hanyar da wuta ke bi. Daga batir take zuwa fiyus, daga fiyus zuwa rile, daga rile zuwa famfo, sannan ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin mota. Shi kuma rile ba ya buɗe hanya sai ƙwaƙwalwar mota ta ba shi izini. Ita kuwa daƙiƙa biyun nan kawai take bayarwa da farko, sai ta tsaya jiran sansa ya gaya mata inji na juyawa. Ke nan sansa ma zai iya mutuwa, famfo ya yi shiru yana da ransa. Mu da muke zaune a Kano mun san in famfon gida ya ƙafe, ba kan famfo ake fara canjawa ba, sai an tambayi maƙwabta ko an kawo ruwa.

A ganina abin da ke sa a fara da famfo ba jahilci ba ne kaɗai. Famfo ana ganinsa, ana riƙe shi, yana da farashi. Mai mota ma ya fi yarda ya biya kuɗin kaya da ya biya kuɗin awa ɗaya na awo da mita, sai ya ce ai ba a yi komai ba. Alhali ko fitilar gwajin tana yaudara. Silin waya ɗaya ya isa ya kunna ƙwai, amma ba zai ɗauki nauyin famfo ba. Sai an auna famfo na aiki: in batir na ba da bolt 12, a bakin famfo kuma ana ganin 9, to akwai tsatsa ko sako-sako a hanya. Kwamfutar da ake jonawa yanzu ma, in ta nuna P0230, layin famfo ta ambata, ba ta ce famfon ne ya mutu ba.

Famfon ma yana mutuwa, ba a musu. Fetur ɗin da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa da jar fitila suke yawo, tanki kusan babu mai.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin gaggawa da ake kira darek: a jawo waya daga makulli kai tsaye zuwa famfo, a tsallake rile, wani lokaci har da fiyus. Mota za ta tashi, mai ita ya yi godiya. Amma an hana ƙwaƙwalwar ikon yanke mai. Ranar da aka yi karo a titin Zariya, inji ya mutu, tiyo ya fashe, famfon zai ci gaba da feso fetur muddin makulli na kunne, direba kuma ƙila ba ya cikin halin da zai iya miƙa hannu ya kashe.