Ba kowane tsohon gini ake rushewa a yi filaza ba

Da na kawo shawarar a nemi ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen da ke kewayen tashar jirgin ƙasa ta Gombe, a gyara shi ya zama makarantar koyon kiɗan gargajiya, wani dattijo cewa ya yi: "Wato maroƙa za mu yaye?" Aka yi dariya, aka wuce.

Ni abin bai ba ni dariya ba. Mai wannan magana, ranar hawan Sallah yana sahun gaba a ƙofar fadar Sarki, kakaki da algaita na tashi yana gyaɗa kai. To, wa ya koya wa mai algaitar? Ubansa. Shi kuma ɗansa yau yana tuƙa Keke Napep, bai san yadda ake gyaran bakin algaita ba.

Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Ku lissafa mini matasa biyar da suka iya kuntigi. A Nijar tun 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Malaminta Mamman Barka shi ya bi sawun tsohon da ya rage yana kaɗa biram a bakin tafkin Cadi, ya koya a hannunsa kafin ya rasu. Da ya yi nawa, da shi ke nan.

Masu cewa tsohon gini ba ya gyaruwa su leƙa Katsina. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau gidan tarihi ne. Gidan Makama a Kano ma haka. Mu kuwa da bango ya tsage sai katafila, sai shaguna. Shagunan sayar da waya nawa gari ɗaya yake bukata?

Jirgi ya iso Gombe a 1963, kuma wajen tasha hayaniya ba baƙuwa ba ce, ganga ba za ta hana kowa barci ba. Rufi, tagogi, wuta da banɗaki ake bukata, sai alawus na malamai: makaɗan Tera, Tangale, Waja, Bolawa da Fulani, tun suna da ƙarfin riƙe gula.

Ginin na gwamnatin tarayya ne, na sani. Takarda ake rubutawa, kuma ƙungiyarmu tana da sakatare. A sa maganar a taro mai zuwa.