Ana karanta sunan mai bayarwa, wa zai karanta inda kuɗin suka shiga?

Masu tara gudummawa sun daɗe da gano abin da malamai ba su cika faɗi bisa mumbari ba: hannu ya fi saurin shiga aljihu idan ido ya ga wahala, ko kuwa idan jama'a na kallon mai hannun.

Shekarar 2005 ta isa shaida. Fari da farin dango sun lalata damanar 2004, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dalar Amurka miliyan 16 domin Nijar, kusan babu wanda ya waiwaya. Sai a watan Yuli, da BBC ta nuna yaran da tamowa ta kama a cibiyar likitocin MSF ta Maraɗi, kuɗi suka fara kwararowa. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa, kuma bai yi gaskiya ba. Sai dai abin takaici ne a ce sai an tsiraita ɗan talaka a gaban duniya kafin a ba shi kunu.

A gida kuwa dabarar dabam ce. Alhajin da ke fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa, tsoron Allah ya ishe shi. Amma ranar da hukuma ta kira taron neman taimako, wani lissafi ke shigowa. Ana karanta suna da adadi a gidan rediyo. Ɗan kasuwar da ya ji maƙwabcin shagonsa ya ba da miliyan guda ba zai miƙa jika ɗari biyar ba, balle in yana da kaya a hannun duwan ko yana neman kwangila. Ma'aikacin gwamnati shi ma ya san takardar da ke zagaya ofis, sunan darakta a sama. Wa zai bar gurbinsa babu komai, ko da albashi ya ƙare tun tsakiyar wata?

Asusun ceton ƙasa na FSSP, da sojoji suka kafa a watan Oktoba na 2023, ya haɗa hanya biyu: an nuna masu bayarwa a talabijin, aka kuma ɗora dala biyu bisa kiran wayar salula. Abin da aka cire wa mutum ba tare da an tambaye shi ba haraji ne, ya kamata a kira shi da sunansa.

Neman suna bai hana buhun hatsi ya ƙosar da mai jin yunwa, don haka ba laifi a yaba wa mai bayarwa. Amma duk kwamitin da ya samu lokacin rediyo na karanta sunayen alhazai, wajibi ne ya koma gidan rediyon nan ya faɗi buhu nawa aka saya, a hannun wa, a kan nawa, da sunan kowane ƙauyen da ya karɓa, mai gari ya sa hannu.