Waiwaye: Talo-talon Ingila da Sharuɗɗan Digiri na Biyu

A shekarar 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa gane kan cutar. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Fumfuna ta kama gyaɗar, ta bar mata dafin da ake kira afalatoksin, wanda ido ba ya gani, suya ba ta kawar da shi, kuma yana jawo dajin hanta. A lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, Najeriya na sahun gaba wajen sayar wa duniya gyaɗa. Sannu a hankali masu saye suka daina wadatuwa da kyan ƙwaya, suka koma neman takardar ɗakin gwaje-gwaje.

Wannan labari nake so mai neman digiri na biyu a kimiyyar abinci ya riƙe. Sharuɗɗan shiga ba su da wuyar faɗa: digirin farko mai daraja ta biyu, da takardar hidimar ƙasa, mai babbar difloma kuwa yawanci sai ya fara da diflomar share fage. Bayan an shiga ne ake haɗuwa da sinadaran abinci, da ƙananan halittu, da injiniyancin sarrafawa, da ƙididdiga, sannan kundin bincike da za a kare gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a.

Ƙididdiga ce ɗalibai suka fi yi wa ƙorafi. Abinci muka zo karantawa, in ji su, me ya haɗa mu da lissafi? Gyaɗa ce amsarsu. Dafin nan ba ya bazuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da shi, amma da yawan da zai ɓata lodi guda. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan jimillar dafin ta wuce maikirogiram 4 a kilo. To, wanda ya zura hannu a bakin buhu ya ɗebi tafi ɗaya ya auna, zai iya rantsuwa kayan lafiya lau suke, alhali gubar na can ƙasa. Buhu nawa za a huda? Daga ina za a ɗiba, kuma nawa za a niƙa tare kafin a auna? Wanda bai iya wannan lissafi ba, ko an ba shi na'urar da ta fi kowace tsada, sakamakon ƙarya zai sa wa hannu. A Kenya, a 2004, masara mai wannan dafi ta kashe mutum 125.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a cikinsa fiye da ƙima. Ɗan kasuwar da ya zuba maganin kare jarinsa yake daga ƙwari. Abin da ya fi damuna shi ne waken da Turai ta ƙi, irinsa muke dafawa a gida.

Kundin bincike shi ne sharaɗin da na fi daraja, shi ne kuma na fi jin takaicinsa. An yi nazari mai kyau a kan kilishi da daddawa da fura da ƙuli-ƙuli, amma da yawa daga ciki, da an kare an ɗaure da bango, sai kantar laburare. Mai ƙuli-ƙulin da aka sayi kayanta aka auna ba ta taɓa jin abin da aka gano ba. Dubi kuwa buhun PICS, wanda masana jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Afirka: leda biyu a cikin buhu ɗaya, a ɗaure tam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ya shiga ƙauyukan Najeriya da Nijar ne saboda an je an ɗaure shi a gaban manoma, bayan watanni aka kwance suna kallo.

Da ina da ta cewa a majalisar jami'a, da na ƙara sharaɗi guda: kafin a sa wa kundi hannu, ɗalibi ya koma kasuwar Dawanau ko ƙauyen da ya ɗebo samfuri, ya tara masu kayan, ya bayyana musu sakamakonsa da Hausa, malaminsa na zaune yana saurare.