Kafin mu sa tagar gilashi, mu tuna da zafin bazara

Jama'ar Kuta, da zarar an sayar da doya an samu ɗan abin hannu, sai gyaran gida. Yanzu kowa tagar alminiyum mai turawa gefe yake so, irin ta gidajen Minna. Tana da kyan gani, ba musu, amma rabi kawai take buɗewa. A Maris da Afrilu, in aka ɗauke wuta, ga kuma madatsar Shiroro a gefenmu, sai ɗaki ya koma tanda. Mai buɗewa waje, ko da ta fi tsada, ita ke shigo da iska sosai.

Wajen lissafi ma muna yaudarar kanmu. Bayan kuɗin mai shago akwai ragar sauro, kuɗin mota daga Minna, ladan magini, da ƙarfen mai walda. A kuma auna gurbin taga bayan an yi filasta, don gilashi in an yanka an yanka ke nan.

Ƙarfen kam dole ne, ganin halin tsaron yankinmu. Sai dai mu bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa ta ciki. In gobara ta tare ƙofa, ta ina yara za su fita?